Taswira ɗaya, bindiga ɗaya, amma wasan ya zama wani daban

"Assalamu alaikum Malam. Na fi shekara uku ina buga gem ɗin harbi da na ƙwallo, kuma ba yabon kai ba, a cikin abokaina da wuya a samu mai cina. To kwanan nan aka sabunta wanda na fi so. Da na karanta bayanin sabuntawar, abu biyu ne kacal suka ƙara, wani sabon motsi da wata na'ura da ake jefawa. Taswirar tana nan yadda take, bindigogin ma su ne. Amma wallahi ji nake kamar wani wasa aka ba ni, har yaran da suka fara jiya jiya suna kashe ni. Ta yaya abu ƙarami haka zai juya wasa gaba ɗaya? Lalata shi suka yi, ko ni ne hannuna ya mutu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambaya biyu ka ɗaure wuri ɗaya. Ta farko, yadda ɗan ƙari ke sauya wasa duka. Ta biyu, wadda ita ce ke cin ranka, laifin wa ne. Ba ka faɗi sunan wasan ba, amma hakan bai hana komai ba, domin abin da ya same ka ya samu masu buga kusan kowane wasa da ake sabuntawa. Na daɗe ina ƙera ƙananan wasanni, kuma lokacin da na ɓatar a zaune bayan mutane ina kallon yadda suke bugawa ya fi wanda na ɓatar wajen rubuta manhajar. Da abin da na gani a nan zan amsa maka.

Abin da masu wasa ke ƙarawa ba nauyinsa ɗaya ba. Akwai ado, kamar sabuwar riga ko launin bindiga, wannan ido kawai yake taɓawa. Akwai kaya, kamar sabuwar taswira ko sabuwar mota, wannan yana ƙara maka wurin zuwa amma bai taɓa yadda kake tunani ba. Sai kuma ƙa'ida, wato abin da wasan ya yarda ka yi da abin da zai biyo baya in ka yi shi. Motsin nan da na'urar nan da ka ambata ƙa'ida ne. Kowace ƙa'ida farashi take sa wa abin da kake yi: in ka fito fili me za ka biya, in ka tsaya jira me za ka rasa, in ka yi kuskure nawa ne tararsa. Shekara ukun da ka yi kana bugawa, abin da ka haddace ba komai ba ne illa wannan farashi, har ya shiga yatsunka ba ka sani ba. Ranar da aka shigo da sabuwar ƙa'ida, farashin tsofaffin abubuwa ma sai ya motsa, ko da ba a taɓa su ba.

Tunda kana son ƙwallo, ɗauki misali daga fili na gaske. Kafin 1992 ɗan baya yana iya mayar wa gola ƙwallo da ƙafa, gola ya ɗauka da hannu, ya rungume, a ci lokaci. A 1992 aka hana gola taɓa irin wannan ƙwallo da hannu. Layi ɗaya ne a littafin doka. Faɗin fili bai canza ba, 'yan wasa goma sha ɗaya ne har yanzu. Amma daga nan matsa wa 'yan baya lamba ya fara biya, golan da ba shi da ƙafa ya zama abin tsoro ga ƙungiyarsa, har aka kai yau da ake zaɓen gola saboda iya raba ƙwallo. Golan da ya yi shekara goma sha biyar yana kamawa da hannu bai manta aikinsa a dare ɗaya ba. Kiɗa ne ya canza.

Jini ɗaya, wasanni daban-daban

Misalin da na fi son koyarwa da shi shi ne jini, wannan ma'aunin da ke nuna saura nawa ka mutu, domin kowa ya san shi kuma ba wanda ke tsayawa ya yi tunani a kansa.

A Doom na 1993 jininka 100 ne, in ya ragu ya ragu ke nan sai ka tsinci akwatin magani, ƙarami ya ba ka 10, babba 25. Dubi abin da wannan ke sa mai wasa ya yi. Duk harsashin da ya same shi a ɗaki na farko yana binsa har ɗaki na biyar. Sai ya zama mai tattali, yana leƙa kowane lungu, yana tuna inda ya bar akwati bai ɗauka ba don ya dawo. Mai zana matakin shi ma dole ya yi lissafi, ya san cewa wani zai iso wannan ƙofa da jini 90, wani da 12.

Sai Halo ya fito a 2001 da garkuwa mai cika da kanta in ka ɗan kauce wa wuta, kodayake a ƙarƙashinta akwai jini na ainihi da ke buƙatar magani. Call of Duty 2 a 2005 ya ƙarasa aikin: babu ma'auni a allo sam, gefen allon ne zai yi ja, ka laɓe na wasu sakanni, ka warke sumul. A ido kamar an rage wa mai wasa wahala ne kawai. Amma duba abin da ya tafi tare da akwatin maganin. Leƙe-leƙen lungu ya rasa amfani, domin ba abin da za ka tsinta. Kuskuren ɗaki na farko ya daina binka. Mai zana mataki ya samu sauƙi, ya san kowa zai shiga kowane faɗa da cikakken jini, saboda haka yana iya zubo maƙiya da yawa. Abin da ya yi tsada yanzu shi ne tsayuwa a fili, abin da ya yi araha shi ne laɓewa, sai filayen yaƙi suka cika da katanga mai tsawon ƙugu. Gears of War a 2006 ya gina wasansa kacokan a kan manne wa katanga, ka leƙo ka yi harbi ka koma. Shekaru aka yi wasannin harbi suna tafiya a kan wannan salo.

Da aka dawo da Doom a 2016, masu shi suka juya abin baibai. Jini ba ya dawowa da kansa, amma in ka jigata dodo ka ruga ka ƙarasa shi da hannu, jini zai zubo daga jikinsa ka kwasa. In harsashi ya ƙare, ka yanka wani da zarton inji, harsashi ya zubo. To mutumin da jininsa ya kusa ƙarewa, ina zai nufa? Gaba, cikin dodannin. A Call of Duty mai rauni baya yake ja, a nan kuwa mai rauni shi ya fi kowa kutsawa. Bloodborne na 2015 ya yi irin wannan dabara da takobi: in an sare ka, kana da ɗan lokaci ƙanƙane da in ka rama saran wani ɓangare na jinin zai dawo. Kamfanin da ya yi shi shi ne ya yi Dark Souls a 2011, inda aka san mutane da tafiya sannu a bayan garkuwa, suna ƙirga kurɓin da ya rage a gorar magani. Da ƙa'ida ɗaya suka cire wa mutanensu wannan ɗabi'a.

Ka ga dai ma'auni ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne hanyar cika shi, kuma hanyar ce ke yanke maka hukuncin ko ka zama mai tattali, ko mai laɓewa, ko mai kai farmaki. Ba wanda ya rubuta maka "ka laɓe" a allo. Kai ne ka gano cewa nan riba take.

Sabon motsi yana cinye tsohuwar taswira

Ka ce taswirar tana nan yadda take. A hoto haka ne. A wasa kuwa, taswira ba duwatsu da gine-gine ba ce kawai, tazara ce: sakan nawa daga nan zuwa can, wa zai riga wa isa, ina ne ba a iya hawa. Sabon motsi yana taɓa duk waɗannan a lokaci ɗaya.

Na koyi wannan da kaina, kuma ban ji daɗin darasin ba. Ina da wani ƙaramin wasan tsalle-tsalle da na yi makonni ina auna ramukansa, da wasu dandamali masu kai-komo da sai ka jira su iso kafin ka ɗare. Wata rana na ƙara maɓallin zabura, ka danna ɗan wasan ya cilla gaba kaɗan a iska. Rabin yini ya ɗauke ni. Da na ba masu gwaji, cikin 'yan mintuna suka gano cewa tsalle da zabura biyu a jere yana haye kusan kowane rami. Dandamalin da na sha wuya a kansu ba wanda ya ƙara jiransu. Na cire maɓallin, sai waɗanda suka ɗanɗana shi suka ce wasan ya yi nauyi kamar ana tafiya cikin taɓo, alhali shi ne wasan da suka yaba a makon da ya wuce. A ƙarshe na mayar da shi da sharaɗin sau ɗaya kawai har sai ƙafa ta taɓa ƙasa, na kuma sake zana fiye da rabin matakan. Maɓallin rabin yini ya ci min aikin da ya fi wata.

Manyan kamfanoni ma haka suke fama. A Breath of the Wild na 2017, Nintendo ta bar mai wasa ya hau kusan kowane dutse da bango, abin da ya rushe tsohuwar dabarar tare hanya da tsauni. Don kada hawan ya zama banza, suka ɗaure shi da ma'aunin kuzari mai ƙarewa, suka kuma sa ruwan sama ya riƙa sa dutse santsi. Mutane da yawa sun tsani ruwan nan, ni ma na taɓa tsayawa a gindin dutse ina zaginsa, amma shi ne ke tilasta maka wani lokaci ka bi hanya ka ga abin da aka ajiye a kanta. A wasan da ya biyo baya, Tears of the Kingdom na 2023, akwai ikon ratsa rufi ka ɓullo a sama. Asalinsa kayan aikin masu ƙera wasan ne, don su riƙa fita daga kogo da sauri lokacin gwaji, sai suka ga yana da daɗi suka ba kowa. Daga ranar da suka yanke wannan shawara, duk wani kogo da ɗaki mai rufi a wasan sai an sake duba shi.

Kwatanci mafi tsabta shi ne Resident Evil 4. A na 2005, in ka ɗaga bindiga ƙafarka ta kafe, ba ka iya tafiya kana saiti. Duk tsoron wasan daga nan yake fitowa: zaɓen inda za ka tsaya, da sanin lokacin da za ka saki saiti ka gudu. A sabon da aka sake ginawa a 2023 an ba ka damar tafiya kana harbi, da kare sara da wuƙa. Da an bar mutanen ƙauyen, wato maƙiyan da ke kawo maka hari, da tafiyarsu ta da, da sun zama abin dariya, saboda haka aka ƙara musu zafin nama, aka kuma sa wuƙar tana lalacewa. Ƙauye ɗaya, labari ɗaya, amma hannu daban kowanne ke nema.

Abin da ko masu wasan ba su hango ba

Kada ka ɗauka duk abin da ke faruwa bayan sabuntawa da niyya aka yi shi. Tarihin wannan sana'a cike yake da abubuwan da aka yi tuntuɓe da su. A Space Invaders na 1978 maƙiya 55 ne ke saukowa a jere. Na'urar lokacin ba ta da ƙarfi, sai ya zama duk wanda ka harbe ya rage mata aiki, ragowar su ƙara sauri. Tomohiro Nishikado, wanda ya ƙera wasan, ya ga haka ya bar shi, sai ga wasa mai ƙara tsanani daidai lokacin da kake ganin ka kusa gamawa. A Street Fighter II na 1991, sassaucin da aka yi don bugu na musamman ya yi sauƙin fitowa ya buɗe wata kafa: kana iya katse naushi a tsakiya ka ɗora wani kafin abokin karawa ya farfaɗo. Masu wasa suka mayar da shi ilimi, zuwa 1993 kamfanin Capcom da kansa ya fara ƙirga jerin bugun a allo. Yau ba wasan faɗan da zai fito ba shi. A Quake na 1996 kuwa, mutane suka gano cewa in ka harba roka a ƙarƙashin ƙafarka kana tsalle, fashewar za ta cilla ka sama, ka biya da jini ka sayi tsawo.

Dalilin da ya sa haka ke yawan faruwa lissafi ne mai sauƙi. Sabuwar ƙa'ida ba ita kaɗai take zama ba, tana cuɗanya da kowace tsohuwa. Masu gwaji a kamfani ba su da yawa, masu bugawa kuwa miliyoyi ne, kuma duk cikinsu akwai masu neman hanya mafi sauƙi ta cin nasara ko da ba daɗi a cikinta. In mutum ɗaya ya gano, gobe bidiyonsa ya zaga duniya.

Fortnite ya fito da salon mutum ɗari a tsibiri ɗaya a 2017, da damar gina katanga da matakala da itace ko dutse ko ƙarfe. Da farko mutane kariya suke ginawa in an harbe su. Bayan 'yan shekaru, ƙwararre kan tayar da bene a cikin sakanni, yana buɗe taga yana rufewa, sabon shiga yana ƙasa yana kallon sama. Wasan harbi ya koma gasar saurin yatsu. A watan Maris na 2022 kamfanin ya cire ginin na ɗan lokaci, sannan ya mayar da rashin ginin wani sashe na dindindin. Lura da abin da ya biyo baya: da katangar gaggawa ta tafi, dole suka kawo gudu mai sauri, da kama bakin gini a haye, da ƙarin garkuwa mai cika da kanta, domin ba su ba mutum a fili gawa ne. Cire ƙa'ida ma sai an biya kuɗinsa. Overwatch ya sha irin wannan ta wata fuska. Wajen 2018 ƙungiyoyi suka gano cewa manya uku masu shanye duka da masu warkarwa uku suna murƙushe kusan kowane tsari, har masu kai hari suka rasa gurbi a manyan gasanni. Gyare-gyaren lambobi ba su kashe abin ba, sai a 2019 aka kafa doka: biyu daga kowane rukuni, ba ƙari ba ragi.

Waɗanda ke zuwa da sunan sauƙi

Waɗannan su ne na fi tsoro, domin ba mai ƙin su ranar da suka zo. A wani wasa nawa na yawo na taɓa sa ƙaramar taswira a kusurwar allo da kibiya mai nuna inda za a je, saboda masu gwaji suna ɓata. Ɓatan ya ƙare. Amma da na zauna ina kallon idanunsu, sai na ga a kusurwar nan suka kafe. Bayan sun gama na tambayi wani ya kwatanta min hanyar da ya bi, ya kasa. Hasumiyar da na gina don ta zama alama ko ganinta bai yi ba. Wannan ita ce muhawarar da ake yi tun da Oblivion ya zo da alamar manufa a 2006, bayan Morrowind na 2002 da sai dai a kwatanta maka hanya da baki ka nema. Ghost of Tsushima na 2020 ya samo mafita mai kyau: iska ce ke kaɗa ciyawa ta nufi inda za ka, don idonka ya zauna a kan duniyar wasan.

A ƙarshen 2009 World of Warcraft, wasan intanet da mutane ke haɗa gwiwa su shiga kogo su yaƙi dodanni, ya kawo maɓallin da ke haɗa ka da baƙi huɗu ya jefa ku cikin kogo nan take. Kafin nan sai ka yi cigiya a gari, ku yi tattaki tare, kuma wanda ya yi rashin mutunci sunansa zai ɓaci a wurin mutanen da zai sake gani gobe. Jira ya ragu ƙwarai, amma mutane suka fara gama kogo ba wanda ya ce wa wani uffan. Diablo III na 2012 ya zo da kasuwar gwanjo ta makamai, har da ta kuɗin gaske. Wasan da duk daɗinsa shi ne ka kashe dodo ka ga me zai faɗo, sai ya zama hanya mafi sauri ta samun takobi mai kyau ita ce zama a kasuwa. A watan Maris na 2014 suka rufe ta. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Ba duka ne ke ƙarewa haka ba. Apex Legends a 2019 ya kawo maɓalli ɗaya na nuni: ka saita abu ka danna, ɗan wasanka ya faɗa wa abokai ga maƙiyi, ga harsashi, mu bi nan. Mutanen da ba sa jin yaren juna suka iya wasa tare kamar sun saba, ba da jimawa ba wasu wasannin suka kwaikwaya. Bambancin, a ganina, shi ne maɓallin nunin bai ɗauke maka wata shawara ba, hanyar isar da ita ya gajarta. Kibiyar tawa kuwa shawarar kanta ta ɗauke.

To, kai ne ko su ne?

Yawanci duka biyun, amma ba ta yadda kake zato ba. Yaran da suka fara jiya ba su fi ka hannu ba. Abin da suka fi ka shi ne ba su da abin mantawa. Kai in ka ji harbi yatsanka ya riga ya yi abin da ya saba kafin ƙwaƙwalwa ta tuna an yi sauyi. Masu buga ƙwallo sun ga haka a FIFA 12 da ya fito a 2011. Kafin shi, ka riƙe maɓalli ɗaya ɗan bayanka ya bi mai ƙwallo kamar an ɗaure su ya ƙwace. Sabon tsarin ya ce ka tare hanya, ka ja da baya, ka zaɓi lokacin sa ƙafa da kanka, kuma a karawar intanet ba a yarda da tsohon salon ba. Gwanayen da suka shekara suna riƙe maɓalli suka riƙa zura ƙafa a iska ana wuce su. Haka a Minecraft, sabuntawar 2016 ta sa sai ka ɗan dakata tsakanin sara da sara kafin bugun ya yi cikakken ƙarfi. Waɗanda gwanintarsu saurin dannawa ce suka ji an yi musu fashi, da yawansu suka ƙi matsawa daga tsohon zubin shekara da shekaru.

Ga wani abu kuma da bayanin sabuntawa ba ya nunawa da kyau. Wasa mai nuna hoto 60 a sakan ɗaya, in aka rage wa wani motsi hoto biyu kacal, ido ba zai gani ba, amma yana iya zama bambanci tsakanin bugun da ake ramawa da wanda ba a iya ramawa. Saboda haka kada yawan layukan bayanin ya ruɗe ka. Layi biyu na iya fin ashirin nauyi.

Abin da nake yi in an miƙo min sabuwar ƙa'ida, ko tawa ko ta wani, tambaya nake mata. Me take ci? In na'urar nan da ake jefawa tana da iyakar adadi, ko tana ɗaukar lokaci kafin a sake jefa ta, ko mai jefawar yana tsayawa a fili na ɗan lokaci, to tana da farashi, kuma inda farashi yake nan lagonta yake. Sannan me ke karya ta? A Street Fighter 6 na 2023 an ba sababbi damar fitar da bugu na musamman da maɓalli ɗaya, amma bugun da aka fitar ta wannan hanya an rage masa ƙarfi da kusan kashi 20 cikin ɗari, don haka mai tsohon hannu bai yi asarar wahalarsa duka ba. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ta fi ba ni amsa: bayan ƙura ta lafa, hanyoyin cin nasara sun ƙaru ne ko sun ragu? In ka ga masu salo daban-daban duk suna ci, ƙarin ya yi kyau ko da kai bai yi maka daɗi ba. In kuwa kowa abu ɗaya yake yi, wanda bai yi ba ya mutu, to masu wasan ne suka yi kuskure, kuma ƙorafinka yana kan hanya.

Makon farko ba lokacin yanke hukunci ba ne, domin kowa yana jefa sabon abu ko da babu dalili, maganinsa kuma ba a gama ganowa ba. Shawarata ka bar gasar matsayi na wasu kwanaki. Ka shiga filin atisaye ka yi amfani da sabon motsin har ya gundure ka, ka ƙirga sakan nawa yake ɗauka, ka ga inda yake barinka a buɗe. Wanda bai taɓa riƙe makami ba ba zai san lokacin da mai riƙe da shi ke cikin rauni ba. Sannan ka kalli mutuwarka, in wasan yana maimaita ta, ka tambayi kanka a wane wuri ka tsaya wanda da can mafaka ne yanzu kuma tarko. Sau da yawa za ka tarar wuri biyu ko uku ne kawai a taswirar suka sauya matsayi, kuma su ne wuraren da ka fi so.

Yana yiwuwa kuma bayan duk wannan ka iya sabon salon amma ba ka son sa. Wannan ba gazawa ba ce. Abin da ya jawo ka tun farko, ko haƙurin kwanton ɓauna ne ko auna tazara, wataƙila shi ne aka rage wa daraja. Masu irin wannan kuka su ne suka sa aka dawo da tsohon World of Warcraft a 2019, su ne kuma Fortnite ya buɗe wa sashen da babu gini.

Iyakar abin da zan iya ke nan daga nesa. Wasannin da na ƙera ƙanana ne, masu gwajinsu suna shiga ɗaki ɗaya, kuma wasa mai miliyoyin mutane yana da halayen da ɗaki ɗaya ba ya nunawa. Ko a nawa ɗin, hasashena kafin gwaji ya sha faɗuwa, shi ya sa ba na yanke wa ƙa'ida hukunci sai na gan ta a hannun mutane. In za ka sake rubutowa, faɗa min sunan wasan, da abin da na'urar ke yi in ta faɗi, da sakan nawa ake jira kafin a sake jefa ta, da kuma inda kake tsaye a sau biyar na ƙarshe da aka kashe ka.